Injinmu Ya Sha Ruwan Azurfa

A Sakkwato idan mutum ya sayi mota ya kawo ta majalisa, ba a tambayarsa nawa ya saya sai an gama wata hidima tukuna. Za mu zagaya ta, mu daddaki taya da ƙafa, mu leƙa ciki mu yaba kujeru, sannan wani dattijo da bai taɓa riƙe sifana ba tun da aka haife shi ya gyara zaman hula ya ce, "To Alhaji, buɗe muna bonet mu gani." Sai a buɗe, mu takwas ko goma mu sunkuya, hannaye a baya kamar masu kallon jariri ranar suna. In injin yana walƙiya mu ce, "Ma sha Allahu, wagga ba ta sha wuya ba." In kuwa baƙi ne ƙirin, sai mu yi gyaran murya mu ce Allah shi sa alheri, kowa ya koma tabarmarsa. Cikinmu da wuya ka sami biyu da za su nuna maka inda altaneta take, ni kaina sai da na shekara uku da mota kafin na daina ce wa tankin man birki wurin zuba ruwa, amma ƙyalli kam mun san shi, ba mai koya mana.

Masu sayar da mota sun san halinmu sarai, don su ma mu ne, a majalisa ɗaya muke shan shayi. Shi ya sa motar da za a kai wa dillali ba ta zuwa kai tsaye, sai ta biya ta gareji an yi mata wankan amarya. Na zauna na ga yadda ake yi a wani gareji wajen J. Allen, ina jiran a ɗaure mini salansa. Yaron gareji ya zo da rabin galan da aka yanka, da kananzir a ciki, da tsohon buroshin fenti da gashinsa ya zube saura kaɗan. Ya bi injin lungu-lungu yana ƙwaƙulo maiƙon shekara goma, ya bi da ruwan Omo, ya bar shi a rana kamar minti ashirin, wai ya bushe. Sannan ya ɗauko gwangwanin feshi mai ruwan azurfa, ya girgiza shi, ƙwallon da ke ciki na ƙwal-ƙwal-ƙwal, ya ja baya kaɗan kamar maharbi, ya sakar masa. Bai rufe komai ba. Murfin inji ya sha, tiyon ruwa ya sha, wayoyin fulogi sun sha, fanbel ya sami rabonsa, har wani gidan zanzaro da ke maƙale a bayan batir ya tashi daga ginin laka ya koma ginin azurfa. Ogansa ya zo ya tsaya ya karkata kai ya ce, "Ƙara mishi ta nan ƙasa, inda mai ka zuba." Wato shi ma ya san inda ciwon yake, can ya fi so a shafa hoda.

Kada wani ya ɗaga hanci ya ce aikin 'yan gareji ne. Wa ya kai musu motar? Wa ya ce, "Oga, a ɗan gyara mata fuska, gobe masu saye za su zo"? Mu ne. Kuma ranar da muka tashi saye, mu ne za mu tsaya gaban injin da wani ɗan'uwanmu ya fesa jiya, mu haɗiye yawu mu ce wannan kam sabo ne fil. Mun san ana yi, mun yi da hannunmu, amma in aka nuna mana wanda ba a fesa ba sai mu rage dubu ɗari a ciniki. Duk kanwar ja ce.

Asalin wannan ciwo, in ka bi shi, sunansa Beljiyam. Iyayenmu sun hau sabuwar mota, don tun 1975 ake harhaɗa Peugeot a Kaduna, ma'aikaci na karɓar bashin mota ya je ya ɗauko 504 da ledarta a kujera. Da Naira ta fara tangal-tangal daga 1986 sai sabuwar mota ta koma abin kallo, muka juya ga waɗanda Turawa suka gaji da su. A lokacin ana lodo su a jirgin ruwa daga tashoshin Turai, musamman ta ƙasar Beljiyam, a sauke a Kwatano, a ratso da su ta Nijar har Birnin Ƙonni, su faɗo mana ta Illela. Ko da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, sunan bai mutu ba. Har gobe duk wani ƙarfe da ya taɓa aiki a ƙasar waje, ko daga Jamus yake ko Japan ko Dubai, a bakinmu ɗan Beljiyam ne, kuma ya fi sabo ɗan kwali daraja. Mu ne mutanen da za a kawo wa sabon kaya a leda mu ce, "A'a, ba ka da tsoho?" Tun da tsohon waje ke da kuɗi, tsohon gida kuma sai 'yan gwangwan su auna a sikeli, ai ba sai an gaya wa mai wayo abin yi ba. Tsakanin unguwar Mabera da Beljiyam gwangwanin fenti ɗaya ne.

Ni wannan tafiya na biya kuɗinta. Akwai shekarar da kik ɗin motata ya fara gardama, sai an daddaka shi da dutse yake tashi. Ina gane kik ɗin nan ko cikin duhu, domin kunnensa ɗaya ya taɓa karyewa a hanyar Gusau, wani mai walda a Tureta ya liƙa shi, ya bar masa tabo kamar ƙullin goro. Bakanikena ya ce ya mutu, a sayo Beljiyam. Na bar gawar a gareji na tafi neman kuɗi, bayan kwana huɗu aka kira ni aka ce an samo mai kyau. Na zo aka miƙo mini shi a cikin tsumma, fari fat, yana ɗaukar ido, har da wani rubutu da aka yi masa da alƙalamin fenti ruwan ɗorawa irin wanda ake gani jikin kayan kwantena. Na juya shi, sai ga ƙullin goron Tureta yana kallona ta ƙarƙashin azurfa. Na dubi bakanike, ya dubi yaronsa, yaron ya dubi sama. Na ce, "Oga, wanga kamar na san shi." Ko gezau bai yi ba, ya ce, "Alhaji, ai kamfani guda na, duk haka suka zuwa." Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da aka ɗaura shi tashi ɗaya ya yi, don sun canza masa burushi a ciki, ya kuma yi mini shekara biyu cur. To ƙarar wa zan kai, kuma in ce an yi mini me? Gyaran dubu biyu na saya a kuɗin jirgin ruwa. Har yanzu wurinsa nake kai mota, kuma har yanzu in na zo yana tura yaro ya sayo mini ruwan sanyi.

Waɗanda suka ƙware sun ce ainihin ɗan Beljiyam ba ya walƙiya. Yana zuwa dusu-dusu, da ƙurarsa, da busasshen maiƙo, da guntun tiyo da wayoyin da aka datse lokacin ciro shi. Wannan ilimi ya fara yaɗuwa a gari, masu feshi kuma ba barci suke ba, don haka yanzu akwai mai fesawa sannan ya bi da tsumma mai datti ya rage hasken, kada ƙyallin ya yi yawa ya tona asiri. Kenan an kai inda ake yi wa ƙarfe kwalliya, sannan a yi wa kwalliyar kwalliyar tsufa. In ka je layin masu sifiya a unguwar Sahara ka ga mutum yana kankare kaya da farce yana sunsunawa kamar mai sayen daddawa, kada ka yi masa dariya, an taɓa shi ne.

Shi fenti bai yi laifin komai ba, kuma ba mu muka fara shafa wa inji ba. Kamfanoni da kansu suna yi. Duk wanda ya ga katafila ya san injinta ruwan ɗorawa ne, na Perkins shuɗi, tsohon Lister da ke tuƙa injin niƙa a unguwanninmu kore ne shar kafin garin dawa ya mai da shi fari. A Italiya kamfanin Ferrari ya shafa wa murfin kan injinsa ja, har ya sa wa motar suna Testarossa, wato mai jan kai, wadda ya fitar a 1984. Su suna shafawa don ƙarfen kada ya yi tsatsa, kuma don ko daga nesa ka san na wane ne. Mu kuwa muna shafawa don kada a san na wane ne. Kuma nasu fentin daban yake. Ruwan da ke zagaya inji yana aiki ne a wajen digiri 90, fentin da aka yi don jikin inji yana jure har kusan digiri 260, amma bakin salansa inda hayaƙi ke fitowa daga inji yana haura digiri 500, wurin sai fenti na musamman mai jure wuta. Mu gwangwani ɗaya muke saye, irin wanda ake fesa wa ƙofar shago da gadon ƙarfe, mu bi kowa da shi ba bambanci, kamar limamin da ke shafa wa yara addu'a.

Sakamakon ba ya daɗewa. Sabon mai mota zai kwashi iyali a nufi Shuni gaishe da dangi, cikin watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ko inuwar dogon yaro ba ta da daɗi. Kafin a wuce Kwannawa sai wani wari ya cika motar, uwargida ta toshe hanci da mayafi ta ce, "Malam, wani abu na ƙonewa." Malam zai ce warin sabunta ne. A tsaya a buɗe bonet, hayaƙi siriri na tashi daga bakin salansa, azurfar ta yi ƙuraje tana ɓarewa kamar fatar maciji, can ƙasa kuma baƙin mai ya fara zana layinsa a daidai inda Oga ya ce a ƙara. Amfani ɗaya da farin fenti ke da shi kenan, yana nuna yoyo fiye da baƙin inji. Ramin ƙarya ƙurarre ne, namu ma ko Dange ba ya kaiwa.

Akwai kuma lambar inji. Yaro in ya samu gwangwani a hannu ba ruwansa da lamba, zai cike ta da fenti ta shafe sumul. Sai ranar da aka tsayar da kai a hanya aka ce a ga lambar inji a gwada da takarda, ka ga babban mutum da babbar riga ya tattare hannu ya kifa ciki a kan inji mai zafi, yana kankara da makullin gida, yana rantsuwa da cewa jiya-jiya lambar tana nan. Haka wurin da wayar as ke kama jikin ƙarfe, in fenti ya shiga tsakani wuta ba ta wucewa sosai, mota ta riƙa yin kamar mai aljanu, yau ta tashi gobe ta ƙi, a canza batir, a canza kik, a zargi maƙwabci, alhali abin da ake bukata guntun samfefa ne na Naira ɗari.

'Yan kabu-kabu da masu Keke su nasu ba don sayarwa ba ne, so ne tsagwaronsa, shi ya sa ba na ganin laifinsu sosai. Matashi zai karɓi Boxer ko Daylong a kan biya kullum, bai gama biyan rabi ba, amma murfin inji ya zama ruwan zinari, salansa ja, kan kusoshi kowanne da launinsa, ga geza na lilo a madubi. Wanda ya ga dawakin hawan Salla a ƙofar fadar Sarkin Musulmi ya san inda muka gado abin, dokin ne kawai ya koma na ƙarfe. Matsalar ita ce injin babur iska ke sanyaya shi ta waɗannan haƙarƙarin da ke jikinsa, in aka labta musu fenti mai kauri, ƙura ta zo ta zauna a kai, an sa masa bargo kenan a garin da ko mutum ba ya son riga. Ka gaya wa yaron haka ya ce, "Baba, ai kyau na." Kuma gaskiyarsa, da kyau.

Abin da ke ba ni dariya da mu shi ne inda muke kashe kuɗin da inda muke maƙo. Mutum zai biya kuɗin wankin inji da feshi ba ko tayi, amma baƙin man da ke ciki ya yi wata tara, ya yi kauri kamar kunun kanwa, in bakanike ya ce a canza sai ya ja sandar awo ya murza a yatsa ya ce, "Da saura." Lagireto kuwa ruwan rijiya muke ɗura masa, ko ruwan leda in an ji tausayinsa, ruwan sanyaya inji mai launi da ke hana tsatsa muna ganin almubazzaranci ne. Akwai wani ɗan ƙarfe da masu ƙera mota suka sa don daidaita zafin ruwa, mu ranar farko muke sa a cire shi a jefar, wai na ƙasar sanyi ne. Sai tsatsa ta riƙa cin injin ta ciki, inda ba gwangwanin da ke kaiwa, waje kuma yana sheƙi. Wanka da gari dai ba ya maganin yunwa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ma motoci da yawa sun koma zaman gida, ana fita da babur, amma ranar Juma'a za ka ga maigida ya buɗe bonet yana goge murfin inji da tsumma, motar da rabonta da titi tun Sallar Layya.

Na taɓa zama da wani tsohon mai fenti, irin waɗanda suka koyi aiki tun zamanin 404, na ce ya gaya mini yadda ake yi in don Allah za a yi. Ya ce a ciro kayan daga jikin mota tukuna. A wanke har sai farin tsumma ya bi bai ɗauko maiƙo ba, don fenti ba ya zama kan mai ko na wace ƙasa ne. A goge tsatsa da burushin waya da samfefa. A liƙe duk fuskar da gaskit zai zauna, da ramukan kusoshi, da inda bel ke bi, da lamba. A sa fentin ƙasa mai jure zafi, sannan a bi da na sama shafi siriri sau biyu ko uku, ana ba kowanne lokaci ya sha iska. A bar shi ya kwana, in an ɗaura kuma a tayar da inji ya yi ɗumi a kashe ya huce, a sake, don zafin ne ke gasa fentin ya kama. Kuma kada a yi ranar da hunturu ke busa, don ƙurar da za ta sauka kan ɗanyen fenti sai ta mai da shi kamar bangon da aka yi wa yaɓe. Na ce kwana nawa kenan? Ya ce uku. Na ce mutum nawa suka taɓa yarda su jira? Ya yi dariya har da tari ya ce, "Ɗana, kowa yaz zo nan, masu saye na bisa hanya."

Tarin nan nasa ma abin magana ne. Masu fentinmu suna aiki cikin hazon tina da fenti ba abin da ke fuskarsu sai hankici, wani ma ko shi babu, in an tashi a aiki yaro ya sayo madarar gwangwani a sha, wai tana wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, fenti kuwa huhu yake shiga, hanyarsu ba ɗaya ba ce, kuma fentin mota mai haɗin hadina yana jawo ciwon asma ga mai shaƙarsa kullum. Mu masu motar muna tsaye a gefe muna shaƙa tare da su kyauta, muna cewa a ƙara ta nan. In kana da mai fenti da kake ji da shi, abin rufe hanci na gaske mai matata ya fi masa goron Salla.

Kuma fa duk mun san hukuncin. A garin Shehu muke, ba wanda bai ji labarin nan a wurin karatu ba, na lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya kuma yi masa faɗa a kan algus. In malam ya kawo wurin, mu ne masu girgiza kai da ƙarfi muna cewa "Allahu Akbar", kowa a zuciyarsa yana tuna mai tumatirin da ya jera manya a saman kwando, da mai ragon da ya yi wa dabbarsa wanka da sabulu kafin ya kai Kara, da mai gidan hayar da ya fente bangon waje ya bar ɗaki na yoyo. Ba mai tuna gwangwanin da ke cikin but ɗin motarsa. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, amma mu a wurin wa'azi kullum da maƙwabci ake.

Ban ce a daina ba, don ko na ce ba mai ji, kuma inji mai tsabta ya fi daɗin kallo, bakanike ma ya fi saurin gano ciwonsa. Abin da nake roƙo kaɗan ne. In za a fesa a rufe wayoyi da lamba, a bar bakin salansa da haƙarƙarin babur su sha iska, a bar zanzaro da gidansa na laka. In mai saye ya tambaya, a ce masa an fesa, ba zai fasa ba, shi ma ƙyallin ya zo nema. In kuma kai ne mai sayen, ka zo da sassafe kafin a ɗumama ta, ka leƙa ƙasa inda ta kwana ko akwai ɗigon mai, ka buɗe murfin mai ka duba cikinsa, ka tsaya bayanta ka ga kalar hayaƙi, sannan ka sa a hau da kai har Kwannawa a dawo.

Af, na kusa mantawa. Corolla ɗin nan tawa da kuka sani, mai kik ɗin Tureta, na sa ta kasuwa. Tana ƙofar gida kullum bayan La'asar, injinta fes kamar yau aka sauke shi daga jirgi. Mai so ya zo da kuɗinsa da dillalinsa, amma don Allah a yanke farce kafin a zo.